Ni Na Kankare Fentin, Laya Ta Sha Yabo

Inna Zinariya, ki taimake ni, dariya nake yi amma ina cikin tsaka mai wuya.

Maigidana tsohon soja ne. Tun da ya dawo daga yaƙi shi ke kula da moton likita, wato babur ɗinsa, a nan Madawa, shi ke kai shi ƙauyuka. Watan jiya jandarma suka ce duk moton da 'yar fitilar bayansa ba ta haska lamba, kada ya ƙara hawa hanya bayan magariba. Maigida ya shafe moton da sabon fenti, ya ja waya tun daga batir har baya, ya ɗaura fitila. Ta ƙi kamawa. Kwana huɗu yana kwancewa yana ɗaurawa, ko tuwon kirki ba ya ci. Ran na biyar ya karɓo laya wurin malam, ya rataya a ƙarfen baya, ya tafi masallaci.

Ni kuwa shekara biyu ke nan ina riƙe masa ƙusoshi a faifai in yana aiki, kuma kunnena ba a toshe yake ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa wuta ba ta zagayawa sai gindin fitila ya taɓa tsuran ƙarfe. Na kwance fitilar na leƙa, ashe fenti ya yi kauri a wurin. Na ɗauko wuƙar yanka albasa na kankare kamar faɗin farce, na mayar na ɗaure. Ya dawo ya murɗa, sai ga haske. Inna, mutumin nan da gemunsa ya taka rawa a zaure. Ya kira maƙwabta, aka saki asabari don duhu, aka yi ta kallon lamba kamar amarya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, shi ya sa na kasa buɗe baki.

To ga inda gizo ke saƙar. Labari ya kai garin Buza, wani attajiri mai moto ya aiko a je bayan Sallah a gyara masa tasa fitilar. Maigida har ya karɓo laya ta biyu, wai yanzu ya gane sirrin. In na yi shiru zai sha kunya gaban mutanen Buza. In na faɗa, ina tsoron in rage masa girma, ga shi ya riga ya ba rabin gari labari.

Taki, Mai Riƙon Faifai

'Yata, na yi dariya har da hawaye. Kawaicinki ya yi kyau, don ba kowace mace za ta bar wa miji murnarsa ba. Amma shirun da ya faranta masa a zaure, shi zai tozarta shi a garin mutane, inda ba ki nan balle ki rufa masa asiri.

Ki faɗa masa kafin Sallah, ku biyu kaɗai, bayan ya ƙoshi. Kada ki soki laya, malamin ma zai ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ki fara da abin da yake gaskiya: karatunsa kika maimaita, gajiya ce ta mantar da shi. Sannan ki nuna masa wurin da yatsa. Mai yiwuwa ya ɗaure fuska yini guda, ki ƙyale shi. Maƙwabta kuwa ba sai sun ji ba, sai in shi ya ga dama.

Malamin da ɗalibinsa ya tuna masa karatu bai yi asara ba, balle ɗalibin yana cikin ɗakinsa. Allah ya kai shi Buza lafiya, ya dawo da mutuncinsa, ya bar ku tare.