Inabin Hamman

Dawaki, Gombe
Janairu 1975

Malam Noah,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ce Barira, yayar abokinka marigayi Hamman.

Reshen inabin da ka kawo mana daga Bulgariya tare da akwatin kayan Hamman ya kama, har ya rufe rumfar Inna, sai dai ganye kawai, bai taɓa yin 'ya'ya ba. A ƙarƙashinsa take wuni. Har yau ta hana a yi wa Hamman sadaka, wai ba ta ga gawa ba, kuma shukar mamaci ba ta yin kore haka. Kullum sai ta zuba abincinsa a kwano ta rufe. Tsoro nake ji, Inna tana ƙarewa a gabana.

Ga Bappa Shu'aibu ya jiyo a kasuwa wai da irinsa ake giya, ya rantse sai ya tumɓuke shi. Ku da kuka ƙare ƙuruciya a karatun noma, ku faɗa mana gaskiya mana.

Ka huta lafiya,
Barira

Kaduna
Fabrairu 1975

Adda Barira,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna.

Bappa bai yi ƙarya ba. Sunansa Dimyat, fari ne, da shi suke yin farar giya mai yawa a can. Amma ana cinsa haka nan, kuma Hamman bai taɓa kai giya bakinsa ba. Da hannuna na sa shi a kabari, gefen gonar da muke koyon aiki. A nan na yanko reshen.

A can sanyi ke sa inabi barci, ya zubar da ganye, sannan a datse shi. Naku bai taɓa barci ba, shi ya sa ba ya haihuwa. Ki janye masa ruwa, ki tsige ganyen kaf, ki datse rassan. Zai yi ta ɗigar da ruwa a bakin yankan, kada ki tsorata.

Naki,
Noah

Dawaki
Maris 1975

Malam Noah,

Ina gaisuwa. Ka ce kada in tsorata, to wallahi na tsorata.

Da Inna ta tafi gidan suna sai na datse shi. Ta dawo ta tarar da rumfa tsirara, ruwa na ɗiga ɗis-ɗis a kan tabarmarta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tara hannu, ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Hamman ne. Mun hana shi kwanciya."

A ranar ne ta fara kukansa. Da kanta ta aika Bappa ya tara malamai, aka yi sadaka. Maganar tumɓukewa kuwa ba mu sake jinta ba.

Sai na ji daga gare ka,
Barira

Dawaki
Yuli 1975

Malam Noah,

Gaisuwa mai yawa. Ya yi 'ya'ya, farare tas. Inna ta hana kowa taɓawa. Ta cika kwanon nan da take rufewa, ga shi na ba direba ya kawo maka. Ta ce kai ka rufe Hamman, kai za ka fara ci.

Barira