Kwanonki Mai Jan Fenti

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina hutawa lafiya a inda babu ciwon gwiwa, babu hayaƙin murhu. Mu nan Kafanchan sai godiya. Jikarki Godiya tana Jos wurin aiki. Surukinki Malam Bulus ne jikin ya taɓa, amma da sauƙi yanzu, kuma labarin sauƙin nan ne ya zaunar da ni yau.

Shekara biyar ke nan da muka kai ki makwanci a Manchok, ban taɓa rubuta miki ba. Yau ma ba kirki ne ya kawo ni ba, kunya ce. Na san masu bin shafina na intanet za su karanta, har da tsofaffin ɗalibaina da ke kirana Madam Rifkatu mai girkin zamani. To, su karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna shingen gidanmu. Mu ba mu da katanga, waken turawa kika shuka kewaye da gida, itatuwa masu tsayin mutum da furanni ruwan ɗorawa. Naki ba irin na kasuwa ba ne, mai jan ɗigo-ɗigo ne, wanda kika ce kakata ta ƙulle miki a bakin zane ranar da aka kai ki gidan Baba.

Ina ganinki kina aikinsa: kasko a wuta, dutsen niƙa a gefe, faifai a hannu. Ina ganinki, amma ban taɓa tsayawa na duba ba. Abin da na sani kawai, da yamma sai a zuba mana shi a kan acha, da citta da kurkum na bayan ɗaki, da yakuwa da niƙaƙƙen riɗi. Ko ƙashi babu a ciki. Idan muka yi ƙorafi sai ki ce, "Mai wake a shinge ba ya gaisuwar dole da mahauci." Ni kuwa a raina nakan ce, maganar talaka ce da ba shi da yadda zai yi.

Da na gama karatu na zama malamar koyar da girki a sakandare, sai kaina ya kumbura. Ni ce mai kek, ni ce mai soyayyar shinkafa da kaza. Duk shekara bayan girbi sai ki shigo ƙaramar bas daga Manchok da mudu biyu na waken nan a farin kwanon samira, wanda kika ɗiga wa jan fenti a gindi kamar yadda matan zumuntar majami'a ke yi don kada kwanuka su ɓata a ranar godiyar girbi. Nakan durƙusa na karɓa da hannu biyu. Nakan sa miki sabulu da sukari a ciki, tunda ba a mayar da kwano wayam. Kina juya baya, sai na juye waken a leda na miƙa wa Mama Talatu, mai sharar makarantarmu. Ko sau ɗaya bai hau murhuna ba.

Sai shekarar da aka ƙara mini girma. Malamai sun cika falona, ana cin kaza, ana ta "Madam, Madam". Can na hango ki ta taga, kwano a kai, jan taɓo a silifa. Mama, da gudu na fita na tare ki. Kin ɗauka murna ce, har kin buɗe hannu. Ni kuwa na ja ki ta bayan gida na zaunar da ke a kicin, kada su ga abin da kika ɗauko. Mama Talatu tana tsakar gida tana taya ni wanke-wanke. Don sauri, ko juyewa ban yi ba, na cusa mata kwanon gaba ɗaya a buhunta.

Da za ki koma kika tambayi kwanonki, na ce ya shige cikin kayan baƙi. Kin dube ni kamar za ki yi magana, sai kika gyara ɗankwali kika ce, "Ba komai. Kwano ba ya ɓata, yawo yake zuwa."

Daga ranar ba ki sake kawo mini wake ba. Kin san abin da na ji? Sauƙi na ji. Allah ya gafarta mini, har godiya na yi a raina.

Ban tsaya nan ba. Da kika rasu, ni ce na matsa wa ƙanena Yakubu ya sare shingen ya sa bulo kafin ranar jana'iza, wai manyan baƙi za su zo daga Kaduna. A yini ɗaya adda ta cinye abin da kika yi sama da shekara arba'in kina reno. Baƙin suka zo, suka ci shinkafa, suka tafi, ko kallon katangar babu wanda ya yi.

To, bara bayan Ista, Bulus ya yanke jiki ya faɗi a bakin majami'a. Hawan jini, ga ciwon suga. Likita ya ce a rage nama sosai, a rage mai da gishiri, kanwa kuwa a manta da ita. Kin san surukinki, wanda yakan ce abinci ba nama azumi ne. Ya shiga ture faranti. Na dafa ganye, ya ture. Na gasa burodin alkama da ayaba a tukunya kan yashi, ya ɗan gutsira don kada na ji haushi. Maganin da yake sha kuwa ba a shan sa da yunwa. Wata uku, mutumin nan ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa. Tsoro ya kama ni, Mama. Ni da ke koya wa 'ya'yan mutane girki, mijina yana ramewa a gabana.

Sai na shiga neman dabara a waya. Na ga matan Indiya suna dafa ɓarzajjen wake ba nama, da citta da kurkum, na ce yauwa, ga abincin masu ilimi. Na aika Kaduna aka sayo mini a leda mai rubutun waje. Na auna komai da cokali. Bulus ya yi loma biyu ya ajiye. Ya ce, "Maman Godiya, abinci ɗaya na taɓa ci ba nama ban nemi nama ba. Waken Mama, ranar da na je gaisuwar neman aurenki."

Washegari na sayo waken turawa a kasuwa na zuba a tukunya yadda yake. Awa uku yana wuta, gas ya ƙare, waken yana nan kamar tsakuwa.

Amma girman kai ba ya mutuwa da wuri. Da shugabar zumuntar mata ta roƙe ni na koya wa mata girkin masu hawan jini, na ɗauki ledata mai rubutun waje na tafi ina taƙama. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, aka zaga da tukunya kowa ta ɗanɗana. Can a bencin baya Mama Talatu ta ɗaga hannu. Ta tsufa, ta daɗe da barin aiki, rabona da gaishe ta har na manta. Ta lashi cokali ta ce da Hausarta irin tamu ta nan, "Madam, wannan ai waken Mama na Manchok ne, sai dai bai ji kasko ba. Wanda kina ba ni ɗin nan duk shekara, kin manta?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, godiya take yi. Matan da suka san ki suka dube ni, suka sunkuyar da kai. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Kwana biyu ina fama da kaina, a na uku na hau mashin zuwa gidanta a bakin gari. Tun daga nesa na gane gidan, ba sai an nuna mini ba. Shingenki ne, Mama, ya kewaye shi kaf. Na taɓa kwanso ɗaya na ɓare, ga jan ɗigo-ɗigon nan.

Ta shimfiɗa mini tabarma ta ba ni labarin da ban sani ba. Ashe ranar da na ce kwano ya ɓata, bas ɗaya kuka jira a bakin titi, kika ga jan fentinki yana leƙowa daga buhunta. Ta tsorata, ta rantse ba sata ta yi ba, ta gaya miki duk gaskiya, har da na shekarun baya. Ta ce ba ki ce uffan a kaina ba. Kin bi ta gida, kin nuna mata inda za ta shuka, kin koya mata aikin. Daga nan duk shekara wurinta kike fara sauka da wake, sannan ki ƙaraso gidana hannu wofi ki ci shinkafata ki sa mini albarka.

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon, a wanke tas, cike da iri a cikin toka. Ta ce kin bar mata saƙo: "Ajiye wa Rifkatu. Za ta zo nema. In ta zo kada ki ba ta kunya, yarinya ce."

Yarinya, Mama! Ina da shekara arba'in da ɗaya a lokacin. Na yi kuka a tabarmar nan har tsohuwar ta rasa yadda za ta yi da ni.

Ita ta koya mini, ni malamar girki ina tsugune a gabanta. A soya shi a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, a ɓarza a dutse, a sheƙe ɓawon, sai ya nuna da wuri ba kanwa. Riɗin daga ƙarshe, bayan an sauke. Da na yi gaggawa ta buge mini hannu, na ce na gode.

Na kai wa Bulus a kan acha ban ce masa komai ba. Ya shinshina, ya dube ni, ya cire hula ya yi addu'a. Ya cinye, ya sa yatsa ya sharce farantin, ya miƙo mini a ƙara. Yanzu sau uku a mako yake ci. Bel ɗin ya koma baya da huda ɗaya, nas ma ta yaba da awonsa.

Da ruwan farko na shuka irinki a jikin katangata. Ya kai kafaɗata yanzu, ya fara fure. Sabulu da sukari na kai wa Mama Talatu, amma kwanon yana nan wurina, kullum ina kallonsa ina tunanin me zan sa a ciki na mayar miki. Ba ni da abin da ya kai.

Ga abin da na yanke. In Allah ya kai mu girbi, zan cika shi na hau mota zuwa Jos da kaina. Na san jikarki, 'yata ce, hancinta irin nawa. Wataƙila ta karɓa da hannu biyu, ina juya baya ta miƙa wa mai gadi. In ta yi haka, ki roƙa mini irin haƙurinki na yi shiru. Zan nemi gidan mai gadin na nuna wa matarsa inda za ta shuka.

Ki yafe mini, Mama. Kin riga kin yafe tun a bakin titin nan, na sani, amma ina so na roƙa da bakina, a gaban mutane, ta ƙofar gaba.

Ubangiji ya ba ki hutawa a gefensa. Ya ƙara wa Mama Talatu kwana da lafiya, ya ɗaga mini Bulus, ya sa iri ya kama. Ya haɗa fuskokinmu a teburinsa, inda ba a zaunar da kowa a kicin. Amin.

Ni ce 'yarki da ta zo a makare,
Rifkatu