Lotsawar Kujerar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Na yaye tamfol daga kan motar Baba. Shekara biyu tana kwance. Ɓeraye sun yi gari a kujerar baya, silin ya zazzago, fatar ta tsattsage kamar faso. Motar ta girme ni. Shekara ashirin ina ɗinka wa mutane kujerun mota, ta gidanmu a haka. Abin kunya.

Inna ba ta taka ƙofar gida ba tun rasuwarsa. Ko asibiti ta ƙi, ga ƙafa tana kumbura. Jiya ta ce, "In dai ba a motar mahaifinku ba, ba inda za ni." To, ta faɗa da bakinta. Zan gyara.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kwance kujeru duka. Yaya ya leƙo ya ce, "Wahalar banza, ka kira masu gwangwan." Shi dai baki ne jarinsa.

Asabar, 15 ga Maris
Na farke ɗinkin tsohuwar fata, na shimfiɗa ta, na yanka sabuwa a kanta. Kalar ta zo daidai. Soson kujerar direba ya mutu murus, ya lotse ta hagu, hannuna yana shigewa har wuyansa. Na cusa shi a buhu tare da sauran tarkace, masu shara suka kwashe. Na sa sabo mai tauri. Yatsuna duk gam.

Lahadi, 30 ga Maris
An gama. Makaniken gefen shagona ya tayar da injin. Wallahi ban taɓa aiki mai kyan wannan ba.

Litinin, 31 ga Maris
Ta fito har tsakar gida, tana dafa bango. Ba ta dubi silin ba, ba ta dubi ɗinkin da na yi kwanaki a kansa ba. Ƙofar direba ta buɗe, ta ɗora tafin hannu a kan kujerar, ta danna. Ta sake dannawa.

"Ina wurin zamansa?"

Na ce soson ya lalace, Inna, na canza.

"Ya lalace," in ji ta. Ta koma ɗaki.

Ashe kullum da safe, bayan na tafi shago, takan ɗaga tamfol ta sa hannu a wannan ramin. Uwar yara ta sani, ba ta faɗa min ba. Wai ta ɗauka na sani. Ni da nake tinƙaho da idon sana'a, rami kawai na gani.

Talata, 1 ga Afrilu
Na je juji. An ƙone komai tun makon jiya.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Na farke kujerar, na sa wuƙa na fafe soson ta hagu. Na ɓata soso biyu. Na uku ya yi kama. Ƙarya ce, ni ma na san ƙarya ce.

Asabar, 5 ga Afrilu
Na kai mata kujerar har ɗaki, a kaina. Ta taɓa sau ɗaya.

"Ɗan nan, shekara talatin yana zama, yana karkata saboda ciwon ƙugu, kafin ta zama haka. Kai da wuƙa?" Ba faɗa ta yi ba. Da faɗan ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ƙafar ta ƙara hawa. Na gaji. Na tsani keken ɗinkin nan.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na mayar da sabon soso, lafiyayye, ban fafe ba. Da na ɗaure kujerar sai na zauna, in gwada sifirin da ke ƙarƙashin soson kawai. Tun da nake ban taɓa zama a wurin nan ba, ko yana raye. Na daɗe. Ƙurar soso ce ta shigar min ido.

Da na ɗago, Inna tana bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta matso ba. Ta ce, "Ka zauna da kyau mana, sai ka ce baƙo."

Ban tambaye ta maganar asibiti ba. Gobe da motar zan je shago.