Haɗin Kilomita Arba'in da Ɗaya

Da sunan Allah. Ni, wanda ya shekara talatin da shida yana haɗa zaren gilashin da ke ɗaukar maganar mutane a cikin haske, ina shaida wa gabas da yamma cewa hankalina garau yake, duk da ra'ayin mahaifiyarku. Ina kuma shelanta cewa gwangwanin murafun robar rufe bakin zare da ke kan taga dukiya ce. Kada wanda ya zubar. Ƙura guda a bakin zare ta isa ta kurumtar da unguwa.

Na ɗaya. Injin haɗa zare na bar wa ɗan farina, wanda bakina ba ya kiran sunansa. Wuƙar yanka zaren kuwa na bar wa Uwata, ƙanwarsa. Na san injin ba ya aiki sai da yanka mai kyau, wuƙar kuma ba ta haɗa komai. Da gangan na yi. Mai bukata ya taka ƙafa zuwa gidan ɗan'uwansa.

Na biyu. Goggonku ta ajiye aikin kai saƙo tsakaninku. Mace ce mai alheri, amma irin na'urar nan ce ta tsakiyar hanya mai ƙara wa haske ƙarfi, wadda ke ƙarawa har da hayaniyar da ta tarar. Gaisuwa takan shiga kunnenta ta fito habaici.

Na uku, kuma a nan alƙalamina ya yi nauyi. Shekara biyu ke nan ba ku ci abinci a faranti ɗaya ba, tun da layin kamfaninku ya riƙa hargitsa saƙo. Uwata, ke aka kira ki gano matsalar. Lissafinki yana tattaro hasken da ya baje saboda nisan tafiya, har saƙo ya daina hawa kan saƙo, amma bai iya gyara mummunan haɗi ba. Kika auna, kika rubuta cewa laifin yana kilomita arba'in da ɗaya, aikin yayanki. Aka rage masa matsayi. Awonki daidai ne. Sai dai ba hannunsa ba ne, nawa ne. Na kai masa ziyara ranar da yake wannan aikin, na roƙi ya bar ni in yi haɗi ɗaya don tuna baya. Hannuna yana rawa, na ɓoye. Ya gani, ya rufe akwatin haɗin, bai tona ni ba har yau. Fushin da ya kasa yi da ubansa shi ya sauke a kanki.

Kai kuma ɗan farina, ƙanwarka ta faɗi abin da na'ura ta nuna ne, kamar yadda na koya muku. Tana 'yar shekara shida kai kake goya ta zuwa shagona don ta ga jan haske yana fita ta ƙarshen zare. Ka je ka same ta. Kada ka aika.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku riƙe mahaifiyarku da junanku, Ya ba ku 'ya'yan da za su rufa muku asiri kamar yadda aka rufa mini, amma su fi ku saurin tonawa.

A ƙarshe, kotun da ni ne alƙalinta kuma ni ne mai laifinta ta zauna. Saboda shirun shekara biyu, ta ci ni tarar cokali guda na sukari daga shayina, kwana bakwai a jere. Likita ya riga ya hana ni sukarin tun bara, amma hukunci hukunci ne. In ajali ya zo kwanakin ba su cika ba, ku yafe ragowar.