Gurbin Baba Kusa da Barnaba

Riruwai.

Yaya Ishaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Saratu da yara. Mu nan lafiya, ban da zancen Baba.

Ka san tun da ramin kuza ya rufta da ƙanenmu Barnaba, Baba bai sake yin wa'azi ba. Sai ran Lahadin nan ya hau mumbari, ya gaya wa jama'a cewa ba komai Allah yake iyawa ba. Wai da yana iyawa, da ya riƙe ƙasar nan ba ta zubo ba. Wai ya so, ya kasa, yana kuka tare da mu kamar yadda Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

Na kawo masa labarin Ayuba. Ya ce an ba Ayuba wasu 'ya'ya, amma ba a dawo masa da waɗanda suka mutu ba. Malam Rufa'i maƙwabcinmu, da suke gardamar addini tun samartaka, ya wuni a zaurenmu. Karon farko ke nan da bakinsa ya zo ɗaya da na Faston cocinmu, cewa babu abin da ya gagari Allah. Baba ya ce masa, tsakanin Allahn da ya iya ya ƙi da wanda ya so ya kasa, na biyun kaɗai zai iya durƙusa wa.

Dattawan ikilisiya sun ce in bai janye ba, ba za a binne shi a makabartar coci ba, a gurbin da ya keɓe wa kansa kusa da Barnaba. Na gaji, Yaya. Ka zo.

Ƙanwarka,
Asibi.

Yaya Ishaya,

Ina gaisuwa, da fatan jikin Saratu da sauƙi. Ba ka zo ba, ni kaɗai na raka shi gaban dattawa.

Na roƙe shi a hanya, ko a baki ne ya janye. Ya ce bai taɓa yi wa Allah ƙarya don ya faranta masa ba.

Bai janye ba. Da Fasto ya karanta hukunci, Baba ya ce su binne shi inda suka ga dama. In Allah mai iko duka ne yadda suke faɗa, ai nemo shi a kai wa ɗansa ba zai gagara ba. 

Da yamma ya ɗauki fartanya ya je ya nome kabarin Barnaba. Nasa gurbin kuwa ya bar shi da ciyawa.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Asibi.