Kyamarar da Lens ɗin Ƙanwata Ba Zai Shiga Ba

Salama a gare ku 'yan uwa. Admin na roƙe ka ka ɓoye sunana, domin rabin mutanen Kafanchan da ke cikin wannan group sun san ni, wasu ma ni nake koyar da 'ya'yansu. Don Allah masu sanin kyamara ku ba ni shawara, amma sai kun yi haƙuri kun ji labarin tukuna, don in na ce maganar kyamara ce kaɗai ta kawo ni na yi ƙarya.

Ni malamin sakandare ne a nan Kafanchan, asalina Kwoi. Shekara da shekaru ni ne mai hoton gidanmu, ba wai sana'a ba ce, da waya kawai nake yi, amma ko aure ne ko baftisma ko biso, wato jana'iza, ba wanda zai tashi daga layi sai an ce ina Malam, a jira Malam. Hoton Kakarmu, mahaifiyar babana, wanda ke rataye a falonta, ni na ɗauka wata Lahadi da ta dawo daga sujada cikin kayan zumuntar mata. Kun san tsofaffinmu ba sa tsoron maganar mutuwa, Kaka ta daɗe tana faɗa wa kowa cewa wannan hoton za a sa a takardar bisonta da jikin rigunan da jikoki za su saka. Ban taɓa furtawa ba, amma wannan magana ta fi ƙarin girma a wurin aiki faranta mini rai.

To sai Kirsimetin da ya wuce 'yar ƙanen babana ta zo gida, bari in kira ta Rifkatu. A Sabon Tasha take zaune, ta koyi ɗaukar hoto a can, yarinyar da ni na koya mata yadda ake riƙe waya kada hannu ya yi rawa. Ta zo da baƙar kyamara irin wadda ake kira DSLR, mai cire lens a sa wani. Ta ɗauki Kaka a bayan gida kusa da inda ake shanya citta, fuskar Kaka ta fito tar, kowane layi na tsufa ana gani, tana dariya har dasashi, bayanta kuma duk ya narke ya yi laushi. Da ta tura hoton a group ɗin gidanmu sai kowa ya haukace, har ɗan'uwanmu fasto da ba ya amsa gaisuwa a group ya rubuta yabo layi uku. Ni kuwa me na rubuta? Na ce hoto ya yi kyau amma editin ya yi yawa. Na san ba editin ba ne, raina ne ya ɓaci. Da na koma Kwoi a watan Janairu sai na tarar an sauke nawa an jingine shi bayan kujera, an rataya nata a kan ƙusar da ni na buga da hannuna, kuma matar babana ƙarami ta gaya mini tana murmushi cewa Kaka ta ce yanzu wannan za a sa ranar biso.

Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Na sayar da cittar gonata, matata tana zaton rufin kicin za a gyara, ni kuwa na riga na ƙudura kyamara zan saya. Lahadin Ista za a yi wa Kaka sujadar godiya, jikoki za su zo daga Kaduna da Jos da Abuja, ina so in ɗauki hoton da zai sauke na Rifkatu. Ga gaskiyar ke nan, ban ƙawata ta ba.

Matsalar ita ce ban san komai a kan irin wannan kyamara ba. Na haɗiye girman kai na kira Rifkatu kamar tambaya kawai nake yi don wani abokina, nan take ta gane, ta yi ta murna har tana tafi. Ta ce Yaya kada ka ɓata kuɗi a kan sabuwa, ka sayi jikin kyamara ta hannu irin ta kamfanin da nake amfani da shi, ni zan ba ka ƙaramin lens ɗina kyauta, wanda ake kira fifti, shi ne na ɗauki Kaka da shi, na sayi wani. Ta ce shi yana shan haske sosai, cikin cocinmu na Kwoi da tagogi ƙanana ne ba zai ba ni kunya ba, kuma in zo Sabon Tasha Asabar biyu ta nuna mini yadda ake saiti. Maimakon in ji daɗi sai na ji kamar ta mare ni. Wato duk hoton da na ɗauka ya yi kyau sai a ce ai lens ɗin Rifkatu ne, ai Rifkatu ce ta koya masa.

Asabar da ta wuce na shiga mota na tafi Kaduna, na wuce ta Sabon Tasha ban ko sauka na gaishe ta ba. A wani shago cikin gari mai shagon ya nuna mini sabuwa fil a kwali, da lens biyu, ɗaya gajere ɗaya dogo mai zum. Da ya ɗaura dogon ya miƙo mini, na hango mai gasa masara a tsallaken titi kamar a gabana take, nauyinsa a hannuna kaɗai ya sa na fara hura hanci, na ga kaina a tsakiyar coci kowa yana matsa mini hanya. Sai na yi abin da nake jin kunyarsa, na faɗa masa sunan kamfanin kyamarar Rifkatu, na tambaye shi ko lens ɗinta zai shiga wannan. Ya ce sam, bakinsu ba ɗaya ba ne, kowane kamfani da nasa. 'Yan uwa, daɗi na ji. Na ce ya ajiye mini ita zuwa Asabar mai zuwa. Shi kansa da ya ji cikin coci zan yi aiki sai ya ɗan sosa ƙeya, ya ce dogon yana son rana, in wuri ya yi duhu hoto yakan yi hazo sai mutum ya ƙware, na yi kamar ban ji ba.

Lahadi bayan sujada na hau babur zuwa Kwoi, don akwai tambayar da take cina. Na sami Kaka tana ɓarar gyaɗa, na gaishe ta, na zagaya na zagaya sannan na ce Kaka me hotona ya yi aka sauke shi. Ta yi dariya, da Hausarta irin ta tsofaffin wajenmu ta ce, "Maigida, ni ido na ya tafi, naka da nashi duk duhu ne nake gani. Amma Rifkatu ya zauna da ni tun safe, ya tambaye ni yadda kakanka ya zo neman aure na, na yi dariya har na manta da abin a hannunsa. Kai kuma in ka zo, Kaka duba nan, Kaka ɗaga kai, sai ka hau mashin. Wancan ranar ne nake so a sa mini."

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce in zan ɗauke ta in zo da wuri, ita ba ta yi wa kowa alkawarin wani Ista bayan wannan ba.

Na so in ce muku daga nan zuciyata ta wanke, amma ƙarya ne. A hanyar dawowa kishin ƙaruwa ya yi, domin shekarata talatin da takwas ban san yadda kakana ya nemi Kaka ba, Rifkatu ta sani. Yanzu ba hoton kaɗai ta fi ni ba.

Jiya ta turo mini saƙo cewa ta goge lens ɗin ta sa a jaka, in faɗi ranar da zan zo, ba ta san na je Kaduna ba, ban kuma amsa ba. Sati uku ya rage Ista. Don Allah masu sani, ga wanda bai taɓa riƙe DSLR ba kuma cikin coci mai duhu zai fara, ta hannu da fifti ko sabuwa da dogon zum? Ina jin na san amsar, shi ya sa nake tsoronta. In na karɓi nata, ya zan yi in zauna gaban ƙanwata tana koya mini ba tare da fuskata ta tona ni ba? In gaya mata abin da na yi a shago, ko in rufa wa kaina asiri? Kuma ina so in je in wuni da Kaka kafin lokaci ya ƙure, amma na san halina, ina tsoron kada in zauna har yamma sannan in tambaye ta tsakanina da Rifkatu wa ya fi daɗewa a wurinta. Mutum irina, ta ina zai fara?