Hannun da Baba Yake Ɓoyewa a Aljihu

Ummu Rafid, ki taimake ni kafin fushi ya sa in yi abin da ba zai gyaru ba.

Mahaifina kafinta ne a birninmu Amara, ko in ce ya taɓa zama kafinta. Ina ƙarama aka kwashe shi yaƙinmu da Iran, ya dawo daga fadamar da aka gwabza babu yatsu uku a hannun hagu. A lokacin duk sojan da ya ji rauni a hagu, zarginsa ake yi da harbin kansa don ya tsira, wai ya sadaukar da hannun da ba ya amfani da shi. Wani hafsa ya dubi hannun sau ɗaya, ya rubuta haka. Maimakon lambar waɗanda aka raunata a fagen fama, kurkuku aka ba shi.

Abin da ke cin raina, Baba bahago ne. Tun yana yaro aka dake shi har ya koyi ci da rubutu da dama, amma zarto da guduma da hagu yake riƙewa. Wane kafinta ne zai harbe hannun da yake ciyar da iyalinsa? Na karanta littattafan tarihin yaƙin nan jibga-jibga, duk janar-janar da taswira, ban ga wanda ya tambayi soja da wane hannu yake aiki ba.

A gidan shayi "Gwanin Harbi" suke kiransa, wai bai taɓa samun abin da ya auna ba sai da ya auna kansa. Ya daina zuwa. Hannun ya koma aljihun riga. Ko ranar Sallah, in mun jeru mu sumbaci hannunsa, na dama yake miƙowa. Mahaifiyata ta rasu bara ana ce mata matar matsoraci. Wannan ne ba na iya haɗiyewa.

Yanzu an kafa kwamitin gyara irin waɗannan bayanai. Sabah Yalda, abokinsa da ya ɗaure masa hannun da igiyar takalmi ranar da bam ya faɗo ya datse yatsun, yana garin Ankawa a raye, ya ce zai yi rantsuwa. Amma ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. Sharaɗin kwamitin shi ne Baba ya bayyana da kansa, ya nuna hannun. Ya ƙi. Wai yatsun suna cikin laka, hatimi ba zai tono su ba. Na yi masa tsawa, Allah ya yafe mini, na ce to ya mutu da sunan da suka laƙaba masa. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ina da takardar wakilcin da nake karɓar masa magani da ita. In shigar da ƙarar a ɓoye, in an sa rana in kai shi da sunan ganin likita?

'Yar Bahago, Amara

*

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Fushinki yana kan hanya: an zalunci mutumin nan, kuma gyaran haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

Amma kada ki kai shi da dabara. Ki tuna, karon ƙarshe da ya shimfiɗa hannun nan a gaban mutanen da ke bayan tebur, a kurkuku ya kwana. Ke kina hango lamba, shi wancan teburin yake gani. Kuma wanda aka taɓa yanke wa hukunci ba a saurare shi ba, bai kamata 'yarsa ta maimaita masa ba.

Abin da ba ya jira shi ne shaidar Sabah. Ki tafi Ankawa cikin makon nan da lauya, a rubuta maganarsa, ya rantse, a buga hatimi. Ki nemi tsofaffin da suka san Baba da zarto a hagu, su ma su faɗa. Ki gaya masa kin yi, ki adana, ki bar masa zaɓin. In ya yarda ya raka ki, ya fi: mai yiwuwa abin da ya ƙi ji daga bakinki ya ji daga bakin wanda ya ga jinin.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Hujjojinki sun isa su gamsar da kowane kwamiti, amma ban ga inda kika ce masa shi kansa kin yarda da shi ba. Wataƙila a zatonsa ke ma hatimin kike jira kafin ki gaskata.

Kada ki jira Sallah. Gobe ki kai masa shayi, ki ba shi haƙuri. In ya miƙo dama, ki ce ɗayan kike so.

Allah ya wanke sunansa yana raye, ya sanyaya zuciyarki.

Ummu Rafid